Yadda Ake Zaɓar 'Yan Wasa Biyar da Za Su Ƙarasa Wasan Ƙwallon Kwando Idan Maki Ya Yi Kusa

Tambayar da masu horar da ƙungiyoyin makarantu da na unguwanni a nan Sakkwato suka fi maimaitawa ita ce wannan: idan saura minti uku ko huɗu a tashi, kuma tazarar maki ba ta wuce biyar ba, su wa za a bari a fili? Koci da yawa sun iya tsara biyar ɗin da za su fara wasa. Inda ake tafka kuskure shi ne ƙarshe, lokacin da 'yan kallo ke ihu, benci ya miƙe tsaye, kowa na kiran sunan gwaninsa. A irin wannan hayaniya ba wanda ke yin tunani mai kyau. Don haka mafi yawan aikin ana gama shi ne a filin atisaye, da biro da takarda, kwanaki kafin wasan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dokokin da za a ambata a nan na FIBA ne, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, waɗanda ake bi a gasannin Najeriya: zango huɗu, kowanne minti 10, kuma ɗan wasa na fita idan ya yi fawul biyar. Wasannin NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, da yara ke kallo a waya suna da zango na minti 12 da fawul shida, dokokin hutu da na canji ma sun bambanta. Kada ka ɗauko lissafin can ka kawo nan.

Kayan da ake buƙata ba su da tsada: littafin rubutu na makaranta guda ɗaya da ba za a yi komai da shi ba sai wannan aiki, biro biyu, ƙaramin allo ko kwali na zana dabara, agogon waya, da mutum ɗaya amintacce da zai zauna kusa da kai yana rubutu. Ɗan wasan da ya ji rauni ba zai buga ba ya dace da wannan aiki, domin ya san fuskokin kowa. Abin da zai ci maka shi ne lokaci, kamar minti 15 a ƙarshen kowane atisaye.

1. Auna jifan kyauta cikin gajiya

Wannan ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. A ƙarshen wasan da ya yi zafi, ƙungiyar da ke baya za ta riƙa yin fawul da gangan don ta tsayar da agogo. Da zarar ƙungiya ta cika fawul huɗu a zango ɗaya, duk fawul ɗin tsaro da ta ƙara zai ba wanda aka yi wa jifan kyauta biyu daga layi. Ke nan duk wanda ka bari a fili, ka amince ne a kai shi layin nan kowa na kallonsa.

Ga yadda ake aunawa. A ƙarshen atisaye, lokacin da numfashi ya ɗauke, sa ɗan wasa ya ruga daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan ya dawo, wato mita 56, sannan nan take ya tsaya a layi ya jefa biyu. Biyu kawai, sai na gaba. A maimaita sau biyar, kowa ya tashi da jifa 10 a rana. Mai rubutu ya rubuta nawa suka shiga. Cikin atisaye goma kowane ɗan wasa yana da jifa 100 a littafi, kuma daga nan ne adadin ya fara zama abin dogaro.

Gargaɗi: kada ka bar ɗan wasa ya tsaya wuri ɗaya ya jefa goma a jere. Hannu yana sabawa bayan jifa na uku, sai ka sami adadi mai kyau wanda ba zai bayyana ranar wasa ba. A wasa biyu ake ba mutum, yana haki, gumi na shiga masa ido.

Yanzu duba abin da adadin ke nufi. Wanda ke zura 80 cikin 100, idan aka ba shi jifa biyu sau ɗari, zai zura duka biyun kusan sau 64, ya ɓarar da duka biyun sau 4 kacal. Wanda ke zura 50 cikin 100 kuwa zai zura duka biyun sau 25 ne, ya ɓarar da duka sau 25. Wato a kowane zuwa layi huɗu, ɗaya zai dawo hannu rabbana. Koci mai ido a ɗaya ɓangaren zai gane shi cikin zango biyu na farko, ya sa yaransa su riƙa kama shi. Shaquille O'Neal, tsohon ɗan wasan NBA, duk girmansa da ƙarfinsa, kusan rabi kawai yake zurawa daga layi a tsawon rayuwarsa ta wasa, har abokan hamayya suka mayar da yi masa fawul da gangan dabara mai zaman kanta. Idan haka ta sami irinsa, ɗan wasanka ba zai tsira ba.

Ka ja layi a littafin. Waɗanda suka kai 70 zuwa sama su ne za ka yarda ƙwallo ta shiga hannunsu idan kana gaba. Waɗanda ke tsakanin 55 da 70 za su iya zama a fili amma ba su ne za a nema da ƙwallo ba. Wanda ke ƙasa da haka sai dai a shigo da shi don tsaro a fitar da shi kafin hari. Idan ƙungiyar ta ƙananan yara ce kuma ba wanda ya kai 70, sauke layin, ka ɗauki uku mafi kyau.

2. Rubuta abin da ke faruwa a minti biyar na ƙarshe

A kowane wasa, har na sada zumunci, mai rubutu ya riƙa rubuta abu uku da zarar zango na huɗu ya kai rabi: wa ya ɓarar da ƙwallo, wa ya bari abokin hamayya ya cafe ƙwallon da ta dawo daga kwandonku, da wa aka wuce shi da gudu har aka ci. A duk lokacin da aka yi canji kuma ya rubuta maki na ɓangarorin biyu da lambobin rigar waɗanda ke fili. Da wannan za ka ga wace biyar ce maki ke ƙaruwa a hannunta, wace ce yake zubewa.

Ka kuma ƙirƙiri irin wannan yanayi a atisaye sau ɗaya a mako. Saita agogon waya a minti biyu, ka ce wa ɓangare ɗaya suna gaba da uku, ka sa a busa usur da gaske, waɗanda suka sha kashi su kwashe ƙwallaye su share fili. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gargaɗi: wasa ɗaya ko biyu ba hujja ba ne. Yaro ya ɓarar da jifa a wasan ƙarshe na gasar makarantu, sai a yi masa tambari cewa zuciyarsa ba ta da ƙarfi, ya shekara yana benci. Wani kuma ya zura jifa ɗaya na sa'a daga nesa, sai ya zama shi ake nema kullum. Dukansu zalunci ne ga ƙungiya. Jira sai littafin ya tara wasanni biyar ko shida kafin ka yanke hukunci a kan mutum.

3. Cika ayyuka, sannan ka sa sunaye

Kada ka fara da tambayar su wa suka fi iya wasa. Fara da ayyukan da dole a yi su a ƙarshe, ka rubuta su a gefen hagu na takarda, sannan ka nemi wanda zai riƙe kowanne.

Na farko, masu riƙe ƙwallo biyu. Biyu, domin idan ɗaya ne kawai za a sa mutum biyu su tare shi a kusurwa, kuma kuna da sakan 8 ne ku ƙetare tsakiyar fili. Na biyu, mai shigo da ƙwallo daga wajen layi. Wannan aiki ba wanda ke yabonsa, amma wasanni da yawa a nan suke mutuwa: sakan 5 gare shi, mai tsaro na tsalle a gabansa, kuma idan ya firgita ya miƙa wa abokin hamayya a ƙarƙashin kwandonku an gama. Nemi mai ɗan tsawo, mai sanyin kai, wanda ke ganin fili duka. Na uku, wanda zai riƙe gwanin abokan hamayya ba tare da ya yi fawul ba. Na huɗu, mai cafe ƙwallo a ƙarƙashin kwando, wanda ya iya sa bayansa ya tare mutum kafin ya yi tsalle. Na biyar, wanda zai iya samar da jifa da kansa idan dabarar da aka zana ta wargaje.

Mutum ɗaya kan riƙe aiki biyu, wani lokaci uku. Idan ayyukan sun cika da mutum huɗu, gurbi na biyar ka ba mai jifan maki uku, ko da ba zai taɓa ƙwallo ba, domin tsayuwarsa a kusurwa kaɗai tana janye mai tsaro ɗaya daga ƙarƙashin kwando.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne tara masu cin maki uku ko huɗu a lokaci guda, duk masu son ƙwallo a hannunsu. Ƙwallo ɗaya ce. Sauran za su tsaya suna kallo, ba mai tare hanya, ba mai komawa tsaro.

4. Shirya biyar iri uku

A kan kwali ɗaya da zai shiga aljihu, rubuta jeri uku.

Idan kuna gaba: masu riƙe ƙwallo biyu ko uku, duk wanda zai karɓi ƙwallo ya kasance daga saman layin da ka ja a mataki na 1, sai mai cafewa ɗaya. Burinku cin lokaci da hana ɓarna.

Idan kuna baya da huɗu zuwa takwas: masu sauri da za su matsa wa abokan hamayya tun daga ƙarshen fili, da masu jifan nesa aƙalla biyu. A nan dogo mai nauyin ƙafa yakan zama kaya. A jerin wasannin ƙarshe na NBA na 2015, Golden State na baya da wasa biyu da ɗaya a hannun Cleveland, kocinsu Steve Kerr ya zaunar da dogonsa Andrew Bogut ya sa Andre Iguodala, Draymond Green ya koma tsakiya, suka cinye wasanni uku a jere. Amma ka lura, gajerun nasu duka sun iya tsaro da cafe ƙwallo. Idan naka ba su iya ba, gajarta ƙungiya zai buɗe ƙofa ne kawai.

Idan kunnen doki ne ko tazarar ɗaya zuwa uku: biyar ɗin da ta fi daidaito, wadda ba ta da mutumin da za a nufa a hari ko a tsaro.

A gaban kowane suna rubuta magajinsa, saboda fawul ko rauni. Kowace biyar kuma ta yi atisaye tare aƙalla sau ɗaya a mako. Biyar ɗin da ba ta taɓa wasa tare ba, komai kyanta a takarda, za ta yi karo da juna a fili.

5. Faɗa wa 'yan wasa tun da wuri

Wannan mataki ya fi nauyi a wurinmu fiye da yadda littattafan koyarwa ke nunawa. A nan girma yana da daraja. Kyaftin ɗin da ya shekara shida a ƙungiya, ko yayan da ya koya wa rabin yaran riƙe ƙwallo, ko ɗan wanda ya saya wa ƙungiya riguna, zaunar da shi a minti na ƙarshe a gaban jama'a abu ne da koci da yawa ke jin kunyarsa. Sai su bar shi a fili, alhali littafi ya nuna ƙafarsa ta yi nauyi ko jifansa daga layi ba ya shiga.

Maganin shi ne kada ya fara jin labarin a fili. Kira shi gefe bayan atisaye, ku biyu, ka buɗe masa littafin ya ga adadinsa da idonsa. Ka ce masa: "Kyaftin, kai za ka fara, kuma idan tsaro muke nema a ƙarshe kai zan kira. Amma idan muna gaba suna kama mu, lamba 7 zai shiga wurinka har sai jifanka ya hau. Ina son kai da kanka ka ƙarfafa masa gwiwa." Mutumin da aka girmama a ɓoye ba kasafai yake tayar da rigima a sarari ba. Ka kuma bar ƙofa a buɗe: adadin na littafi ne, duk wanda ya gyara nasa zai koma jerin.

Haka ma a ƙungiyar 'yan mata, inda sau da yawa ƙawance ke shiga tsakani. Idan kowa ya san ma'aunin tun farkon gasa, zargin son kai yana raguwa.

Gargaɗi: idan mai ɗaukar nauyin ƙungiya ko wani malami ya zo bayan benci yana cewa a sa wane, kada ka yi musu da shi a lokacin. Ka ce "To, Yallaɓai," ka ci gaba da abin da ke kan kwalinka, bayan wasa ka nuna masa littafin.

6. Tanadi ƙarfinsu tun zango na uku

Ba amfanin zaɓar biyar mafi kyau idan sun iso minti na 36 ƙafafunsu sun mutu. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma filin siminti da ya sha rana tun safe yana ci gaba da fitar da zafi har bayan la'asar. Ɗan wasan da zai iya minti 35 a watan Disamba ba zai iya ba a Afrilu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka yi amfani da hutun minti biyu da ke tsakanin zango na uku da na huɗu. Fitar da gwaninka saura minti ɗaya da rabi a gama zango na uku, ka dawo da shi bayan minti ɗaya da rabi a na huɗu. Minti uku kawai ya rasa a agogon wasa, amma a zahiri ya huta fiye da biyar. Kada ka fitar da masu riƙe ƙwallonka biyu a lokaci guda. Kowa ya dawo fili kafin agogo ya nuna saura minti biyar, domin wanda ya daɗe a zaune yana buƙatar hawa da sauka biyu ko uku kafin hannunsa ya dawo.

Alamun gajiya a bayyane suke: dafa gwiwa idan an busa usur, jifa na bugun gaban ƙarfen kwando, miƙa hannu a tsaro maimakon motsa ƙafa, da rashin komawa baya da gudu. Idan ka ga biyu daga ciki, ba shi minti ɗaya a benci ko da sunansa na saman kwali. Wanda ya ce jiri yake ji, ko ya fara rikicewa, ko jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, wasansa ya ƙare a ranar, a kai shi inuwa a ba shi ruwa, idan bai dawo daidai ba a kai shi asibiti. Ba kofin da ya kai wannan.

Yanayi ma yana shiga zaɓin. A lokacin hunturu ƙura kan kwanta a fili, takalmi na santsi, iska kuma na karkatar da jifan nesa a filin da ba rufi. Wasan da aka fara a makare kan kai zango na huɗu dab da magariba, haske na raguwa. A irin waɗannan ranaku mai kutsawa zuwa kwando ya fi mai jifan nesa amfani.

7. Lissafin fawul

Ɗan wasa mai fawul huɗu a farkon zango na huɗu, yaushe zai koma? Koci da yawa kan riƙe shi har saura minti biyu, lokacin da wasan ya riga ya kuɓuce. Wannan kai ne ka kore shi da hannunka kafin alƙalin wasa ya kore shi. Idan yana cikin biyar ɗinka na ƙarshe, mayar da shi tsakanin saura minti shida da biyar, ko ma kafin haka idan tazara ta fara buɗewa. Sauya masa wanda yake tsaro, ka ba shi wanda ba ya yawan kutsawa, ko ku koma tsaron yanki, inda kowa ke tsare wuri maimakon bin mutum, don a kāre shi.

Ka san halin mutanenka. Fawul ɗin rashin ɗa'a da ake ba wanda ya yi wa alƙali gardama yana shiga cikin biyar ɗinsa, kuma yana ba abokan hamayya jifan kyauta ɗaya. Mai saurin fushi da ke da fawul huɗu haɗari ne biyu a jiki ɗaya.

Ka kuma riƙe mutum ɗaya ko biyu a benci masu ƙarancin fawul da saurin ƙafa. Idan ta kama dole ku yi fawul don tsayar da agogo, su za su yi, ba gwaninka ba.

8. Duba abu biyar idan saura minti biyar

Juya ga mai rubutu ka tambaye shi: tazarar maki, fawul nawa kowace ƙungiya ta yi a zangon, su wa ke da fawul huɗu a ɓangarorin biyu, hutun koci nawa ya rage, kuma ina kibiyar mallakar ƙwallo ta nufa, wato wadda ke nuna ƙungiyar da za a ba ƙwallo idan ɓangarorin biyu sun riƙe ta tare. Hutun koci shi ne na minti ɗaya da kake nema a teburin rubuta maki. Uku gare ka a rabi na biyu na wasa, amma biyu kawai za ka iya amfani da su a minti biyu na ƙarshe. Idan ka kai minti biyun ƙarshe da uku, ɗaya ya ƙone a banza, don haka kashe shi da wuri ka ba yaranka numfashi.

Sannan kalli benci na ɗaya ɓangaren. Idan sun shigo da gajeru biyar masu jifan nesa, dogonka zai sha wuya a wajen da'irar maki uku. Idan dogonsu ke cin ku, dole naka ya zauna a fili. Kwalin aljihu shi ne tushe, amma a nan ido ke gyara shi. Ɗan benci da ya shiga ya zura uku a jere yana kuma tsaro da kyau, bar shi, muddin jifansa daga layi bai faɗi ƙasa da layin da ka ja ba.

Idan filin ba shi da agogon hari, mai ƙirga sakan 24 da ƙungiya ke da su ta yi jifa, ka tambayi alƙalan wasa tun kafin a fara yadda za su ƙirga. Amsarsu za ta nuna maka ko ƙungiyar da ke gaba za ta iya riƙe ƙwallo ta cinye lokaci, wanda zai sa ka buƙaci masu matsi da wuri.

9. Canjin hari da tsaro

A minti biyu na ƙarshe agogo na tsayawa sau da yawa, kuma kowace tsayawa dama ce ta shigo da mai tsaro idan ƙwallo ta su ce, ko mai jifa idan taku ce. Dabara ce mai amfani ƙwarai, amma dokokinta suna kama koci da yawa.

Ɗan wasan da zai shiga shi ne zai je tebur da kansa ya nemi canji. Ihun koci daga benci ba ya cikin doka. Saboda haka tura shi ya zauna kusa da tebur tun kafin usur, riga a shirye.

Idan an ba da jifan kyauta, ana canji kafin a miƙa wa mai jifa ƙwallo a jifa na farko, ko bayan na ƙarshe idan ya shiga. Ba a canji tsakanin jifa biyun, kuma idan na ƙarshe bai shiga ba wasa ya ci gaba da waɗanda ke ciki. Wanda aka yi wa fawul shi zai jefa, ba za ka musanya shi da gwanin layi ba sai in ya ji rauni.

Idan an ci ku a minti biyu na ƙarshe agogo zai tsaya, kuna da damar canji. Idan ku kuka ci, ba ku da wannan dama sai in abokan hamayya sun nemi canji ko hutu. Kuma wanda ka fitar ba zai koma ba sai agogo ya motsa ya sake tsayawa.

Gargaɗi: duk wanda ka shigo da shi don tsaro, ka ɗauka cewa zai iya maƙalewa a fili a harin da ke biye. Idan kun ƙwace ƙwallo ba a busa usur ba, yana ciki, kuma shi za su kama. Faɗa masa kafin ya shiga: "In ta shigo hannunka, miƙa wa lamba 4 nan take, ka ruga can ƙarshen fili." Kada kuma ka canja fiye da mutum biyu a lokaci ɗaya. Kowane mai shiga ya faɗi da baki lambar wanda zai riƙe, wanda ya fita ya nuna masa shi da hannu. Kwando mafi ciwo shi ne wanda aka ci saboda mutum biyu sun bi ɗaya sun bar wani shi kaɗai.

Idan ka nemi hutu a minti biyun nan kuma ƙwallo taku ce a bayan fili, kana da zaɓin shigo da ita daga ɓangaren gaba, amma agogon hari ba zai wuce sakan 14 ba. Idan kuna baya lokaci ya ƙure, ɗauki gaba, ka sa mai shigo da ƙwallo mafi kyau da masu jifa. Idan kuna gaba kuna son cin lokaci kuma masu riƙe ƙwallonka ba sa tsoron matsi, zama a baya ya fi.

10. Harin ƙarshe: a bar dogo ko a cire shi?

Kuna gaba da uku, saura sakan 20, ƙwallo tasu ce. Hankali zai ce a cire dogo a sa gajeru biyar da za su bi masu jifan nesa. Haka Gregg Popovich, kocin San Antonio, ya yi a wasa na shida na jerin wasannin ƙarshe na NBA a 2013. Suna gaba da Miami da maki biyar saura ƙasa da sakan 30, ya zaunar da Tim Duncan a hare-haren Miami biyu na ƙarshe. Duka biyun jifan farko bai shiga ba, duka biyun Miami ta sake cafe ƙwallon. A na biyu Chris Bosh ya cafe ya miƙa wa Ray Allen a kusurwa, ya zura uku saura sakan 5.2, aka tafi ƙarin lokaci, Miami ta ci wasan ta kuma ɗauki kofin a wasa na bakwai. A cikin sakan ɗin nan Manu Ginobili da Kawhi Leonard kowannensu ya ɓarar da jifan kyauta ɗaya, abin da ya mayar da mu mataki na 1.

A matakin makarantu da unguwanni, inda jifan nesa da ake yi cikin matsi ya fi yawan kuskurewa, mai cafewa ya zauna a fili. Tsaro bai ƙare ba sai ƙwallo ta shiga hannunku. Sa shi ya riƙe wanda ya fi rauni a jifan nesa cikin su biyar, ya ɗan ja baya kusa da kwando.

Idan ka zaɓi a yi fawul kafin su jefa ukun, domin a ba su biyu kawai, to mutane iri biyu kake buƙata: mai hankalin da zai kai hannu ga ƙwallo lokacin da ake buga ta a ƙasa, da dogayen da za su tsaya a gefen layi lokacin jifan kyauta, inda doka ta ba masu tsaro gurbi uku, masu hari biyu. Gargaɗi: idan ya makara har mai jifa ya ɗaga hannu, jifa uku za a ba shi. Idan ya rungume mutum ko ya ja riga ba tare da neman ƙwallo ba, jifa biyu ne kuma ƙwallo ta koma hannunsu. Idan ba ku taɓa gwada wannan a atisaye ba, kada ka fara shi ranar wasa.

Idan ku ne a baya da ɗaya ko biyu kuma harin ƙarshe naku ne, sa mai ƙirƙirar jifa, masu jifan nesa biyu a kusurwoyi, mai shigo da ƙwallo, da mai cafewa ɗaya da zai bi jifan. A jefa saura sakan biyar ko shida domin a sami damar ta biyu. Idan kunnen doki ne kuma agogon hari bai tilasta muku ba, a jira sai saura biyu ko uku don kada a bar musu lokaci. Idan abin da ya rage bai kai kashi uku cikin goma na sakan ba, doka ba ta yarda a cafe a jefa ba, sai dai a doke ta sama zuwa kwando, don haka shigo da mafi tsawo da mafi tsalle a ƙungiyar ko da bai buga minti ɗaya ba a ranar.

11. Idan an tafi ƙarin lokaci

Minti biyar ne, da hutun koci ɗaya, kuma wanda ka rage a zango na huɗu ba ya biyo ka. Fawul ɗin ƙungiya na zango na huɗu yana ci gaba, don haka galibi kowane fawul zai kai mutum layi tun daga sakan na farko. Fara da biyar ɗin daidaito, amma duba wanda ya buga zango na huɗu gaba ɗaya ba hutu, ka ba shi minti ɗaya na farko a benci da ruwa a hannu, magajinsa da ke rubuce a kwali ya riƙe masa wurin.